Rikodar da Ka Bari da Batir a Ciki

Asabar, da hantsi

Jakarka na gani a hannun yayanka, Yaya Cindo, a nan na gane. Yana tsaye a bakin zaure yana kallon ƙasa. Kai da ba ka yarda kowa ya riƙe maka jakar nan, ko ni na ɗauka sai ka ce in ajiye. Tankaɗe nake yi a lokacin. Na ci gaba da tankaɗen har garin ya ƙare, don na san in na tsaya zai yi magana.

An yi sadakar bakwai, mutane sun ragu. Autarmu Sharifa ta bar mini littafin nan kafin ta koma ɗakinta a Gumel, ta ce in riƙa zuba abin da ba zan iya faɗa wa mutane ba. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, amma ba mai dubawa.

Abin da ba zan iya faɗa wa mutane ba shi ne haushinka nake ji. Na ce maka kada ka bi motar shanun nan daga Maigatari zuwa Kudu, ka bar wa samari. Ka ce daga wannan ka daina. To, ka daina.

Lahadi, bayan Azahar

Ki yi haƙuri, Rabi. Ki yi haƙuri, Rabi. Duk wadda ta shigo da shi take shigowa. Na karɓa har ban san inda zan zuba ba.

Talata, bayan La'asar

Yau yayanka ya zo da dattawa, aka fito da kayanka tsakar gida don a san abin da ka bari kafin rabon gado. Riguna, garma, sirdin keken da ka sayar tun tuni, igiyoyin shanu. Ina zaune a ƙofar ɗaki cikin mayafina ina kallo ana ɗaga wandonka ana juyawa.

Can ƙarƙashin gado aka jawo wani tsohon buhun riɗi. Rikodarka ce a ciki.

Na ɗauka ka bayar da ita. Ga ta nan yadda ka sayo ta a Damagaram shekarar aurenmu, ruwan azurfa, sifika a dama sifika a hagu, da mariƙi a sama. Har rigar da na saƙa mata da jan zare tana jikinta, asu ya cinye rabi. Ka riƙa rataya ta a kan keke kana zaga Ɗanzomo, yara na bin ka, kai kuwa kana wani ɗaga kai kamar kai ka ƙera ta.

Ta tagar murfin na hango kaset a ciki, mai koren tambari. Shi ne wanda muka ɗauki muryarmu a daminar farko, ranar da ruwa ya hana ka zuwa gona.

Yaya Cindo ma ya gane shi. Ya ce, “Wannan ba kaset ɗin da Ilu ya yi waƙa ba ne?”

Na ce, “Hira ce, Yaya.”

“Hira da waƙa. Na san shi, ai har gona ya kai mana muka ji.”

Ya danna madanni, shiru. Ya danna na buɗe murfi, ya ƙi. Suka ce a bar ta a wurina tunda matacciya ce.

Da suka tafi na juya bayanta na buɗe gidan batir. Ka bar batir a ciki! Manya-manyan nan, sun kumbura, sun zubar da ruwa, ya ci ƙarfen ya zama gari fari da kore. Sau nawa ka yi mini faɗa a kan in bar batir a tocila? Kai ne mai koya wa mutane.

Laraba, da safe

Sharifa tana da hotunanka a wayarta. Muryarka kuwa ba wanda yake da ita. 'Yar wayarka ta tafi tare da kai, dama ba ta ɗaukar komai.

Na zauna ina so in tuna yadda kake sallama in ka dawo kasuwa. Kalmomin na sani. Sautin ne ba ya zuwa. Shekara da shekaru ina jin abu kullum, yanzu in neme shi a kaina in rasa. In haka aka fara tun yanzu, kafin in fita takaba me zai rage?

Dole sai na ji kaset ɗin nan.

Alhamis, da hantsi

Ranar kasuwar Maigatari. Ina jin motocin suna wucewa. Ba zan rubuta komai ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yaya Cindo ya yi sallama ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, “Na yi tunani a kan rikodar nan. Za a gyara ta, ni zan ɗauki nauyi.”

Har na buɗe baki zan yi godiya.

“Ranar sadakar arba'in, in malamai sun zauna, sai a ɗora karatunsu a kan kaset ɗin. Waƙa in mutum ya bar ta a duniya, duk wanda ya saurara shi ake rubuta wa. Ƙanena yana kwance, ba zan bari kaya ya riƙa bin sa ba. Karatu kuwa lada ne zai riƙa isa gare shi.”

Na ce, “A sayi sabon kaset mana a ɗora.”

“Wancan ɗin fa? Yana nan ke nan.”

“Waƙar gayya ce, Yaya. Kuna huɗa yana ba ku ƙarfi. Kai ma ka yi amshi.”

“Na yi. Ina kuma istigfari har yau.”

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita.

To ga inda aka ajiye ni. In ba a gyara ba, ba zan ji ka ba. In an gyara, a shafe ka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban san ko gaskiya ya faɗa ba. In da gaske ne fa? In duk sanda na kunna, kai ake ƙara wa nauyi? Ni ba malama ba ce. Ni dai na san mutumin da ke cikin kaset ɗin nan bai zagi kowa ba.

Lahadi, bayan Azahar

Na kankare gidan batir da tsinken tsintsiya, na goge da toka da lemon tsami har ƙarfen ya fito. Sharifa ta aiko da sabon batir ta hannun ɗan acaɓa. Na jera su yadda kake jerawa, kai da gindi. Na danna. Wani abu ya yi gurnani a ciki kamar ƙudan zuma, amma kaset bai motsa ba.

Na sa wuƙa a bakin murfin zan ɓalle, sai na ga zaren kaset ɗin ya fito ya naɗe wani ƙarfe. Na janye hannuna. In ya tsinke da hannuna ba zan yafe wa kaina ba.

Na zage ta. Na zagi rikoda, da girmana.

Talata, da magariba

Sharifa ta kira. Ta zaga masu gyaran waya a Gumel tana nuna musu hotonta.

“Inna, dariya suka yi ta yi mini. Wani ya ce a wane kabari muka tono ta.”

Sai ta gane abin da ta faɗa. Na ce ci gaba.

“Amma an ce akwai wani tsoho a Maigatari, Hamma, mutumin Damagaram ne. A da rediyo yake gyarawa, yanzu fitilar sola. Ki ba ni ita in kai masa.”

Na ce rikodar nan ba za ta fita gidan nan ba. Abin da ya fita gidan nan zuwa Maigatari na ga yadda ya dawo. Ni kuma takaba ta ɗaure ni, ko ƙofar gida ba na leƙawa. In yana so ya zo.

“Inna, mai gyara ake bi, ba ya bin mutane.”

Na ce ki faɗa masa ta waye ce.

Alhamis

Motoci.

Asabar, bayan La'asar

Ya zo. Ashe ya san ka, ya ce a rumfarsa kake ajiye buta duk ranar kasuwa. Ya zauna a zaure ya shimfiɗa tsumma, ni ina bayan asabari ina hango hannuwansa. Bayan gaisuwa da addu'a ya juya bayanta ya yi tsaki.

“Madam, wa ya bar pil a ciki?” Batir yake nufi, haka suke cewa a can.

Na ce, “Mai ita.”

“Allah ya jiƙan Ilu. Amma da yana nan da sai na ja kunnensa.”

Na ce, “Ka bi layi, ni ce a gaba.”

Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar. Na toshe bakina da mayafi, kada matan gida su ji su ce mai takaba tana dariya da baƙo.

Ya kwance ta gaba ɗaya. Kyankyasai suka watse, ya ce ga 'yan haya nan ba su biya ba. Ya nuna mini wani baƙin abu mai danƙo a kan yatsansa, ya ce robar da ke juya kaset ce, bel, zafi ya narkar da ita ta zama kwalta. Sai ya tono wata a cikin tarkacensa, in an dace. Sannan ya ɗauki tsinke ya riƙa warware zaren a hankali, ba ya ko numfashi sosai. Ni ma haka. Da ya fito ya sa biro a ramin ya naɗe shi, ya miƙo mini ta ƙarƙashin asabari.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban san me na zata ba.

Na ce, “Malam Hamma, in ka tashi gyarawa ka kashe mini wurin ɗaukar magana. Ta yi ta faɗa kawai, kada ta ɗauka.”

Ya ce, “Cindo ya aiko mini, ya ce duka yake so a gyara. Ni ba na shiga tsakanin 'yan gida, Madam. Ƙarfe na sani.”

Duk haka suke. Kowa ƙarfe ya sani.

Lahadi, da safe

Kaset ɗin yana cikin lalitata, a jikina yake kwana.

Talata, bayan Azahar

Talatu, matar Yaya Cindo, ta shigo taya ni ɓarar zoɓo. Hannunmu ya yi ja, ƙaiƙayi ya ishe mu, sai ta fara.

“Yayanku fa ba ya barci. Shi ya je can ya gani, ke ba ki gani ba. Shi ya sa shi a rami da hannunsa, a garin da bai san kowa ba. Tun da ya dawo yake neman abin da zai yi masa.”

Na ce ya gina masa rijiya.

“Rabi!”

Na ce ya shuka masa bishiya, ya ciyar da marayu, ya yi duk abin da ya ga dama. Abu ɗaya aka bar mini, shi ne ya hango?

Ta ce, “Ki yi haƙuri.”

Na tashi na shiga ɗaki na bar ta da zoɓon.

Ban gani ba, gaskiya ne. Ba a kawo ka ba. Ban yi maka kallon ƙarshe ba, ban yafe maka a kunnenka ba yadda ake yi. Jaka aka kawo mini. Su suka gani, su suka binne, su za su yanke abin da zan ji.

Alhamis, da yamma

Ba Hamma, ba labarinsa. An fara sayen gero na sadaka.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yaya Cindo daga bakin ƙofa: “Ina kaset ɗin?”

“Yana wurina.”

“Laraba ce arba'in.”

“Na iya lissafi, Yaya.”

Ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa, amma ban ce ya yi haƙuri ba.

Litinin, bayan La'asar

Hamma ya dawo da bel, ya ce a cikin wata rikodar da ta fi wannan mutuwa ya ciro. Ya ɗaura, ya goge kan da ke karanta zare da auduga, ya ɗiga mai, ya mayar da kusoshi. Ya zo da wani kaset nasa na gwaji. Da ya danna sai ga ƙafafun nan biyu suna juyawa, magana ta fito tar.

Ya kara kunne nan, ya kara can. Ya ce, “Sifikar hagu ta tafi. Ruwan pil ya gangara ya ruɓar da ita. Irinta sai na haura gida na duba, dama gobe zan tafi yankan dawa, sai bayan kaka. Amma ta dama garau take. Ɗaya ma ta isa, za ki ji komai. Kawo naki mu gwada.”

Na ce a'a. Ba zan fara jin ka a gaban wani ba.

Da ya tafi na kai ta ɗaki. Na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa na sa a ƙarƙashin jan madannin nan na ɗaukar magana, na banƙare shi. Ya yi tsalle ya faɗa bayan randa. Na san tsinke ma zai iya danna abin da ke ciki. Na sani. Amma na ji daɗi.

Ban kunna ba. Gobe.

Talata, da hantsi, matan gida sun tafi gona

Na kunna.

Ƙarar ruwa a kan rufi. Sai wata yarinya ta fashe da dariya, kusa, kamar a cikin kunnena. “Ya fara? Wallahi ƙarya kake, ba abin da yake ɗauka.”

Sai wani gunaguni can nesa, kamar ana magana a gidan maƙwabta.

“Ni dai ba zan faɗa ba.”

Gunaguni.

“Ka kashe ni ma ba zan faɗa ba. A ina ka taɓa jin mace ta kira sunan mijinta?”

Na ƙure ƙara. Yarinyar ta ƙara ƙarfi, ruwan ya ƙara ƙarfi, kai kana nan inda kake.

Sai na tuna zaman da muka yi. Ka ajiye ta a kan tabarma tsakaninmu. Ka ce kunne biyu gare ta, kowane gefe da nasa, ka zaunar da ni daf da na dama don muryata ƙarama ce. Kai ka koma hagu, ka jingina da bango can wajen ƙofa kana gyaran ƙotar fartanya. Abin da kunnen hagu ya ji, sifikar hagu ce ke faɗa.

Ɗaya ma ta isa, in ji Hamma.

Na ji shi har ƙarshe. Inda ka yi waƙar, ni ake ji ina amshi, da tafi, da shewa. Tsakanin amshi da amshi sai wuri ya buɗe, nan ne kake. Na san kana nan, ina jin tashin muryar da saukarta, amma ko kalma ɗaya ban kama ba.

Yarinyar nan ta cika surutu. Ta yi shiru mana! Ta matsa kusa da shi, ta bar dariyar banza, ta faɗi sunan da ya roƙe ta. Me zai ci ta? Na ɗaga rikodar sama da hannu biyu zan maka ta da ƙasa. Ban maka ba.

Talata, bayan La'asar

Kai ka bar batir ɗin. Kai ka zaɓi hagu. Kai ka hau motar.

Laraba, da yamma

An yi sadakar arba'in.

Da sassafe, kafin malamai su taru, Yaya Cindo ya shigo karɓa. Na fito da ita na ajiye a kan tabarma, kaset a ciki. Ya ga ramin jan madannin, ya dube ni, bai tambaya ba.

Na ce, “Kafin ka ɗauka, ka ji abin da za ka shafe.”

“Ba sai na ji ba.”

Na danna.

Ya tsaya a tsaye, hannu a baya. Yarinyar ta yi dariyarta, ta yi gardamarta, aka zo amshi.

Na ce, “Ga waƙar da kake tsoro. Wa kake ji? Ni ce. In akwai zunubi a abin da ke fita, nawa ne, ni kuwa ina da rai, zan tuba da bakina.”

Ya durƙusa, da farar rigarsa ta sadaka, ya kai kunnensa jikin sifikar hagu. Ya daɗe a haka. Ya koma ta dama, ya rufe ido, ya sake komawa ta hagu. Daidai nan yarinyar ta ce, “In Yaya Cindo ya ji wannan zai ce ba mu da aikin yi.”

Ya ce, “Ba ku da shi kuwa.”

Daga waje aka aiko malamai sun iso. Bai tashi ba. Aka sake aikowa.

“Wannan gefen me ya same shi?”

“Ya ruɓe. Sai Hamma ya dawo.”

“Yaushe?”

“Bayan kaka, ya ce.”

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya goge fuskarsa da hannun riga. “Ban janye maganata ba, Rabi.”

“Na sani.”

“A bari ya dawo tukuna.”

Ya fita hannu wofi. Malamai suka yi karatunsu, ina jin su ta katanga, na yi ta cewa amin. Aka raba gumba. Mata suka shigo suka ce in yi haƙuri.

Alhamis, da hantsi

Motoci na wucewa. Na cire batir ɗin na ajiye daban a cikin kwano.

Sharifa ta kira lambar Hamma, ba ta shiga, ya riga ya haura. Yayanka ya ce zai aika a tambaya a rumfarsa duk ranar kasuwa. Ban san abin da zai yi ba ranar da gefen nan ya yi magana, ina jin shi ma bai sani ba. Haushinka kuma bai sake ni ba.

Ba a gyara sifikar hagu ba. Ban ji ka ba tukuna.